Ɗacin Shayin Liyatu

Akwai wani mutum a kan tsaunin Mambila, inda ake noman shayi, wanda sana'arsa ɗanɗanawa ce. Ba ya shuka, ba ya tsinka. Mata su tsinko ganye biyu da toho, a shanya ya yi laushi, a murje, a bar shi ya rine, a busar har ya yi baƙi, sa'an nan kamfanin shayin ya kira mutumin. Sai ya tarar da fararen kofuna a jere. Ya ɗebi cokali guda, ya zuƙa da ƙarar da in yaro ya yi ta gaban baƙi sai ya sha ranƙwashi, ya juya a baki, ya tofar a gwangwani. Haka ƙa'idar aikin take: mai ɗanɗanawa ba ya haɗiyewa, kada harshe ya dakushe.

Ya kuwa iya. Daga kurɓi ɗaya yakan faɗi gangaren da aka tsinko ganyen, da ko an yi ruwa a makon, da ko mai kula da wuta ya yi gyangyaɗi. Mutane suna girmama shi, yadda aka saba girmama wanda ba ya yabon komai.

Matarsa Liyatu takan haɗa masa shayi kowace yamma. Yana shigowa ta ɗauko butar shayin daga gefen murhu ta zuba. Ya kurɓa, ya juya a baki, ya tofar a gindin katanga. Ba da mugunta ba, baki ne ya saba. Sa'an nan ya gaya mata gaskiya: ganyen ya daɗe a ruwa, ya yi ɗaci, ga warin hayaƙi. Ya sha koya mata cewa baƙin shayi ba ya son zama. A zuba masa tafasasshen ruwa, a rufe ɗan lokaci, a tace tun yana ja mai haske. Ta ce ta ji. Washegari ɗacin yana nan.

Wata rana ta ce, "Baban Afiniki, ko sau ɗaya ka shanye mana, mu ga ko kofin nan yana da gindi."

Ya ce, "In na shanye wannan, gobe me zan gaya wa kamfani? Harshen nan shi ne gonarmu."

Ta yi dariya, ta kwashe kofin. Ba ta sake roƙo ba, shi kuwa ya ɗauka ta fahimta.

Ana nan, wata damina tari ya kama ta, bai sake ta ba. Zumuntar mata suka yi waƙa, fasto ya yi addu'a, aka binne ta. Shayin da aka raba wa masu gaisuwa sukari ya yi masa yawa. Mutumin ya lura, amma ran nan dai bai faɗa ba.

'Yarsu Afiniki ta zo daga gidan mijinta ta zauna da shi kwana biyu. Ita ke haɗa shayin, daidai yadda ya koyar. Ya kurɓa, ya nemi aibu ya rasa, ya kuma kasa sha. Wancan mai ɗacin yake so. Sai ya shiga gwadawa da kansa: ya sake ganye, ya sake ruwa, ya hura ɗanyen itace. Hayaƙin ya samu. Ɗacin ma ya samu iri-iri, amma ba nata ba.

Da ya gaji ya tambayi 'yar ko uwarta tana jefa wani abu a ciki, citta ko kanumfari.

Ta ce, "Ba ta sa komai, Baba. Da ta ji jiniyar tashi daga kamfani take zuba ruwa, yadda ka koya mata. Kai kuma sai ka tsaya wajen 'yan dara. Sai ta tura butar gefen garwashi don kada ya huce."

Ya ce to me ya hana ta bari sai ya shigo. Afiniki ta ce ita ma ta taɓa tambaya, uwar ta ce wanda ya hawo gangare cikin sanyin nan bai kamata ya zauna jiran ruwa ya tafasa ba.

Bayan 'yar ta koma, da jiniya ta yi kuka, ya zuba ruwa a kan ganye, ya tura butar gefen garwashi, ya zauna yana fuskantar ƙofa. Babu mai zuwa, ya kuma sani. Ba jahili ba ne. Ya jira gwargwadon wasan dara, ya zuba, ya kurɓa. Shi ne. Ya shanye har gindin kofin. A ma'aunin sana'arsa, shayin nan bai cancanci a saka shi a buhu ba.

Ga abin da misalin nan yake nufi. Mutumin bai taɓa yin kuskure ba: shayin yana da ɗaci. Sanin gangare da ruwan sama duk ya iya, abin da ya kasa ɗanɗanawa shi ne cewa ana jiransa. Mu ma da yawanmu da cokalinmu muke zuwa sujada. Wa'azi ya yi tsawo, mawaƙa sun yi sauri, mai addu'a ya maimaita kansa. Mu zuƙa, mu juya, mu tofar a bakin ƙofa, mu koma gida da yunwa da ra'ayi mai kyau. A gida ma haka: tsohuwa ta cika tambaya, miji ya cika shiru, ba ma tambayar me ya daɗe a wuta har ya zama haka.

Ban ce ku daina bambanta mai kyau da marar kyau ba. Wani na cin abinci da wannan. Amma an gayyace mu mu sha ne, ba a ɗauke mu aikin dubawa ba. Haƙurin Ubangiji ba ya hucewa, haka aka koya mana, na kuma yarda. Sai dai hannuwan da yake miƙo mana alherinsa da su na mutane ne, su kuwa damina ɗaya ta isa ta ɗauke su. In an miƙo maka kofi yau da yamma, ka shanye.