Saje Haggai da Rabin Magani

A Dabai an yi wani tsohon soja, Saje Haggai, mutum mai girman kai na ban mamaki. Tun yana saurayi, da ya yi golmo, wato noman da samari ke yi wa surukai kafin a ba su mata, ya sa wa ransa cewa namiji ba ya nuna rauni. Matarsa ta rasu, 'yarsa Magdalene na koyarwa a Ribah. Shi kaɗai yake zaune, ko ruwa ba ya son a miƙa masa.

A shekarar 2005 hancinsa ya toshe, haɓo ya matsa masa, kunne ɗaya ya daina ji, sai ga ƙullutu a wuya. Daga asibitin Zuru aka tura shi babban asibiti a Zariya. Ya ce wa 'yarsa abokan soja zai gano.

Likita ya ce, "Baba, ciwon daji ne a saman maƙogwaro, bayan hanci, kuma ya yi nisa. Magani biyu za mu haɗa, gashi da na'ura da kuma wanda ake sawa ta jijiya. Tare suke ja, kamar shanun huɗa. Wa zai yi jinyarka?"

"Ni zan yi jinyar kaina," in ji Haggai.

Gashin bai dame shi ba, don shi kaɗai ake rufewa a ɗakin na'urar. Amma ranar da aka sa masa na jijiya, amai ya durƙusar da shi a gaban jama'a, har matar mai gadon kusa da shi ta riƙe masa kai ta goge masa baki. Kowane gado da mai zama a gefe, nasa kuwa kujera ce kawai. Kaɗaici ya dame shi, amma kunya ta fi cin sa. Ya ce a bar shi da gashin kawai. Ba irin lallashin da likita bai yi ba, gogan naka ya kafe.

Ƙullutun ya sace, ya koma gida yana ganin ya yi nasara. Kafin shekara ta zagayo ciwon ya dawo. Magdalene ta same shi kwance, ta mayar da shi asibiti, aka ce abin ya bazu, sai dai a rage masa zafi.

Wata safiya ta kawo masa kunu, ya kawar da kai. Ta ce, "Baba, golmon nan da kake taƙama da shi, kai kaɗai ka yi?"

Ya tuna jerin samari a gonar surukinsa, wanda ya gaji a kama masa noman kunyarsa.

"A'a," ya ce da dasasshiyar murya, "da yawa muke." Ya buɗe baki ya karɓi cokalin kunun. Bai ga girbin dawa ba.

Darasin a fili yake. Idan likita ya haɗa maka magani biyu, kada ka zaɓi mai sauƙi ka bar mai wuya. Kuma kada ka ɓoye ciwo ga naka don gudun a ga rauninka. A riƙe maka kai kana amai ba abin kunya ba ne.