Goyon Furen Kabewa

Dalilin da ya sa kuke ganin wani furen kabewa da ɗan ƙulli a bayansa, wani kuma wuyansa siriri ba komai, ku matso ku ji, yara. Kai kuma sakar wa kabewar nan ganye, ba ta yi maka laifi ba.

A da can, furannin kabewa duk kamarsu ɗaya. Ba mai iya cewa ga mace ga namiji, ko zai wuni yana leƙe.

Wata shekara aka yi yunwa, rumbuna suka zama wayam tun damina ba ta yi nisa ba. A wani ƙauye akwai wata mata mai suna Delu, tana goyon 'yarta Yalwa. Abin da ya rage mata a duniya kabewa ce guda da ta yaɗu bayan ɗakinta. Kullum da safe sai ta tsinki furanni ta dafa da ɗan gishiri, ta sha don nono ya kawo. Kabewa ta yi ta fure, amma ko ɗa ɗaya babu. Nono kuwa sai janyewa yake, har kukan Yalwa ya koma ƙasa-ƙasa. Delu ta san in kabewar nan ba ta haihu ba, 'yarta ba za ta ga kaka ba.

Ran nan ta miƙa hannu ke nan, sai ta ji murya daga ƙarƙashin ganye.

"Haba, baiwar Allah! 'Ya'yana nawa za ki dafa?"

Delu ta durƙusa. "Wallahi fure na gani, ban ga ɗa ba. Ina kike ajiye su?"

Kabewa ta ce, "Can cikin macen fure nake ɓoye su. Kunya nake ji. Haihuwar fari ce, in yi ta nuna ɗa a gari?"

Delu ta juya mata baya, ta nuna Yalwa. "Ni ma ta fari ce, ko sunanta ba na kira. Amma duba, duk wanda ya gan ni da ita sai ya kauce mini a hanya, a rijiya a ce in fara ja. Ki goya naki in gani, hannuna ba zai taɓa shi ba."

"Ai ba ni da majanyi."

"Ke dai goya."

Kabewa ta ce, "To. Mazan furen ki dafa, amma ki riƙa rage wa ƙudan zuma, su ne 'yan aikenmu."

Washegari da sassafe Delu ta fito. Ga wani fure ya buɗe, raɓa na kwance a kansa, a bayansa kuma ga 'yar kabewa kamar ƙwan zabo, koriya shar, har da zanenta. Delu ta tsuguna tana hawaye, tana cewa, "Ikon Allah! Ikon Allah!"

Kafin rana ta take, macen furen ta yanƙwane. Delu ta tsorata, ta ce, "Wayyo, uwar ta mutu!"

Kabewa ta ce, "Ta ba shi abin da take da shi ne. Ke ba haka kike yi ba?"

Ɗan ya yi ta girma har Delu ta kasa ɗaga shi da hannu ɗaya. Ta sha taushe, nono ya dawo, Yalwa ta tsala kukan da ya tashi maƙwabta.

Shi ya sa har yau, in kun je wurin kabewa da safe, ku fara leƙa bayan fure. Mai siririn wuya namiji ne, ba wanda zai yi kukansa. In kuwa kun ga goyo, ku janye hannu, ku ba ta hanya.