Hannun da Malam Haladu Ya Riƙa Ɗagawa

An yi wani mutum, bawan Allah, a wata ƙaramar kwaleji a wani gari, ana ce masa Malam Haladu. Shekara talatin yana koyarwa. Allah Ya ji ƙansa.

Wata shekara aka ɗauki sabuwar malama, Dakta Zuwaira, wadda ta dawo daga karatu a ƙasar Sin, aka ba ta darasin tarihin Asiya. Ilimi kam akwai shi. Amma baiwar Allah nan sai ta shigo aji da kundin digirinta, ta sunkuyar da kai, ta yi ta karantawa har a kaɗa ƙararrawa. Ɗalibai arba'in suka koma tara.

Shugaban kwaleji ya umarci Malam Haladu ya zauna a ajinta ya rubuto rahoto, in babu kyau a sallame ta ƙarshen zango. Abin ya dame shi ƙwarai. Ƙarya dai ba zai rubuta ba, gaskiyar kuwa za ta raba yarinya da aikinta. Sai ya roƙi mako shida.

To, ku saurara. Ya shiga ya zauna a bencin baya. Tana tsakiyar jero sunayen sarakuna, tsohon nan ya ɗaga hannu.

"Malama, ban gane ba. Mutanen nan, me suke karyawa da shi da safe?"

Aji ya fashe da dariya. Ita kuwa ta ɗago kai, karo na farko. Ta fara ba da labarin kunun shinkafarsu, daga nan ta shiga noma, daga noma ta shiga haraji da yaƙi, takarda na ajiye. Wani mako ya sake ɗaga hannu. Wani makon ma ya ɗaga.

A ɗakin malamai aka fara cewa tsufa ya taɓa Malam Haladu, har wani malami, tsohon ɗalibinsa, ya faɗa masa a gaban mutane. Ya ji zafi, jama'a, ya ji zafi sosai. Amma ya ga in ya yi bayani ya tona mata asiri, sai ya yi shiru.

Kafin mako na shida ɗalibai sun dawo aji, suna riga shi tambaya. Ya rubuta rahoto mai kyau, babu ƙarya ko ɗaya a ciki, aka bar ta a aikinta. Da ta gane abin da ya yi, ta same shi tana hawaye.

"Baba, ka bari aka yi maka dariya saboda ni?"

"'Yata, dariya ba ta kori kowa daga aiki ba."

Jama'a, gyara na ƙasa da kai ba sai ka kunyata shi ba. Kowannenmu akwai sabon shiga a ƙarƙashinsa, a ofis ko a shago ko a makaranta. In kun ga yana tuntuɓe, ku rage girmanku kaɗan don ya miƙe, ku kuma rufa masa asiri. Allah Ya rufa mana namu.