Ranar da Nomau Ya Ce Bai Sani Ba

An yi wani mutum, wani bawan Allah a wani gari na bakin fadama, ana kiransa Nomau. Sana'arsa renon tumatir. Ya zaɓi mai kyau ya matse, ya shanya 'ya'yan da toka, ya yafa a kwami, wato ɗan filin renon iri, in ya isa dashe manoma su zo su saya. Shekara talatin yana wannan. In ka ce wa mutum "irin Nomau ne," to magana ta ƙare.

Ana nan sai wani baƙo ya kawo sabon iri a 'yar takarda mai ƙyalli. Ya ce masana ne suka taɓa halittarsa, tsutsa ba ta cinsa, ba ya saurin ruɓewa. Gari ya ɗauki ƙus-ƙus. Wasu suka ce abin da tsutsa ta ƙi, ina dalilin ɗan Adam da shi? Wasu suka ce so ake a kashe irin kakanni, kowa ya koma roƙo. Shi ma Nomau zuciyarsa ba ta kwanta ba, amma tsutsa ta gasa musu aya a hannu bara. Sai ya yafa kwami guda a gefe don ya gani da idonsa, ya kafa kara ya yi alama, bai gaya wa kowa ba.

To ku saurara. Rannan akuya ta shiga lambu, matarsa Kande ta fizge karan ta kore ta da shi, ta yar. Kwami biyu ne jere a wajen, kuma tumatir yana ƙarami ba ka bambance shi. Nomau ya tsuguna, ya duba ganye, ya shinshina, ya sake dubawa. Ina! Hankalinsa ya tashi ƙwarai.

Da ya gaya wa Kande, ta ce ya yi shiru kawai, wa ya gani? Ƙila ma sabon ya fi albarka, sai manoma su gode masa.

Safiyar dashe manoma suka taru da kwandunansu. Wani dattijo, Jatau, wanda ya fi kowa ƙin sabon irin, ya nuna kwamin gefe ya yi tambayar da aka saba yi don al'ada kawai: "Na gida ne ko?"

Jama'a, "e" ɗaya ta isa. Harafi guda! Ba mai kama shi.

Nomau ya ce, "Baba Jatau, ban sani ba. Ɗaya cikin biyun nan na baƙon nan ne, kuma alamar ta ɓace mini. Sauran huɗun na gida ne."

Sai aka fara kallon juna. Wani ya ce ashe da ma haka yake cakuɗa mana, wa ya san tun yaushe? Aka juya da kwanduna wayam, har huɗun ma aka ƙi taɓawa. Reno ya tsufa a kwami, ya yi ja, ya bushe. Sunan da ya gina shekara talatin ya zube a safiya ɗaya, kuma wallahi ya yi kuka.

Da shekara ta zagayo, mutum ɗaya ne ya fara zuwa lambun: Jatau. Mutane suka ce tsoho ya ruɗe. Ya ce musu, "Bakin da ya iya cewa ban sani ba alhali zai yi asara, in ya ce na gida ne, na yarda."

Ni dai kada ku tambaye ni ko irin nan alheri ne ko sharri. Ba fannina ba ne, kuma ina ɗari-ɗari da duk wanda ya cika rantsuwa a kansa, mai yabo da mai kushe. Abin da na tabbata shi ne, haƙƙin mutum ne ya san abin da zai shuka a gonarsa ya ciyar da iyalinsa. Ko da abin mai kyau ne, in ka ɓoye masa ka ci amana.

Kai mai shagon iri, kai mai tumatir a kasuwa, ke mai tallan miya: gobe za a tambaye ku, "Na gida ne?" Mai tambayar ba ya iya ganewa, shi ya sa ya tambaya. Amma Wanda ya halicci ƙwayar yana jin amsarku.