Ɓawon Uwar Tafki

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mu ƙaru.

A wani gari can bakin daji akwai wata mata ana ce mata Tasalla. Gyartai ce, ta gaji ɗinkin fasasshiyar ƙwarya wurin ubanta. Garin nan tafki ɗaya gare su, shi mutane ke sha, shi dabbobi ke sha. A cikin tafkin kuwa akwai wata macijiya da ake kira Uwar Tafki. Kakanni sun ba da labarinta, amma babu mai rai da ya taɓa ganinta.

Wata shekara sai tsawa ta faɗa tafkin. Tun daga ranar ruwa ya fara ja da baya, alhali damina ba ta ɗauke ba. Shanu suka rame, mata suka koma kwarfar laka.

Rannan da hantsi Tasalla ta je da tulunta, sai ta ga ruwan tsakiya ya dare biyu. Sai wani kai ya taso, ya yi ta tasowa har ya wuce giginya, inuwarsa ta rufe ta. Jikin duk ɓawo ne, kowanne ya kai faifai, suna walƙiya har ido ba ya iya tsayawa a kansu. Tulu ya suɓuce mata. Ta durƙusa, ta sunkuyar da kai.

Macijiya ta yi magana, muryarta kamar ana daka a ƙarƙashin ƙasa. Ta ce tsawa ce ta ɓalle mata ɓawo ɗaya a wuya, zafin wurin ne ke sa ta shanye ruwa.

Ta ce, "An ce ke ce mai ɗinke abin da ya fashe. Ki yanko mini madadinsa. In kin kasa sau uku, zan kwashe sauran ruwan in bar ƙasar nan."

To, Tasalla tana da masaki uku, manyan ƙoren da ta daɗe tana ajiya. Abin da ba ta da shi, zuciyar ɗaga ido ta dubi wuyan nan. Tana cikin zullumi sai ga kwaɗo. Ya ce ta kwantar da hankalinta, ai shi da Uwar Tafki maƙwabta ne, kullum tare suke hira, zai je ya dubo mata wurin. Ashe ƙarya yake yi. Can nesa ya laɓe cikin laka, ya ɗaga kai ya hango daga ƙasa ramin da ɓawon ya bari. Ya dawo ya ce gefe huɗu ne, na ƙasa dogo, na sama gajere, kamar bukkar da aka sare wa kai.

Tasalla ta fasa masaki ta yanka haka. Ta ɗaura a doguwar gora ta miƙa, kanta a ƙasa. Macijiya ta kara wuyanta, sai abin ya faɗo. Ta yi nishi, ta zuƙi ruwa, kifaye suka hau mutsu-mutsu a tabo.

Sai ga balbela. Ta ce kwaɗo me ya sani, ita da ke sauka a kan macijiyar ta huta? Ita ma ƙarya ce. Can sama ta yi shawagi, ta leƙo ramin, ta dawo ta ce na sama ne dogo, na ƙasa gajere, kamar kwando. Tasalla ta fasa masaki na biyu. Shi ma ya faɗo. Macijiya ta sake zuƙa, har tsofaffin tukwanen da suka nutse tun zamanin kakanni suka bayyana.

Saura masaki ɗaya. Tasalla ta dubi garinsu, ta dubi ɗan ruwan da ya rage. Sai ta ɗaure zani, ta tsinki kara, ta shiga laka har gwiwa. Ta ce, "Uwa, sauko da wuyanki in gani da idona."

Wuyan ya sauko a hankali, iska mai zafi ta buge ta kamar ta tsaya bakin maƙera. Ta ɗora karan a gefen ramin na sama, ta karya daidai tsawonsa. Ta kai shi gefen ƙasa, daidai. Dama, daidai. Hagu, daidai. Ashe duk huɗun tsawonsu ɗaya, ramin dai ya ɗan kishingiɗa ne, kusurwa biyu masu tsini, biyu a buɗe. Sama da ƙasa suna tafiya a jere ba za su taɓa haɗuwa ba, dama da hagu ma haka. Waɗanda ta yanka a baya kuwa, sama da ƙasa kaɗai ke jere, sauran biyun in an ja su sai sun yi karo. Irin nasu kwaɗo shi 'yan makaranta ke ce wa tirafiziyam, irin na ramin kuma rombus.

Ta auna daga kusurwa zuwa kusurwa don ta kama kishingiɗar. Da ta ɗaga ido sai ta ga duk ɓawon jikin haka yake, dubu bisa dubu, kowanne ya shige cikin ɗan'uwansa, ko tsinin allura ba zai sami hanya ba. Tsoro ya sake ta, ta tsaya baki buɗe tana tasbihi ga wanda ya jera su.

Ta yanka masaki na ƙarshe, ta ɗora da hannunta. Ya zauna ɗas. Ta sa basilla ta ɗinke.

Uwar Tafki ta lumshe ido. Sai ta buɗe baki, ruwan da ta shanye ya yi ta kwararowa da ƙugi har aka ji a cikin gari. Ta sa jela ta ɗauki Tasalla ta ajiye a tudu, ta nutse. Mutane suka iso a guje, suka tarar da tafki cike fal, ga Tasalla zaune, laka har gwiwa.

Kun ji, ba kowane mai gefe huɗu ne ɗan'uwan wani ba. Kuma abin da za ka ɗinka, kada ka aiki mai hange, je ka sa hannunka ka auna.

Ƙurunƙus, kan kwaɗo da na balbela.