Dukushin Akawal

Ku gyara zama. Yau shari'a na kawo muku, kuma ba mai tashi sai an yanke ta.

Baba Jatau yana da wani baƙin ingarma, Akawal, wanda a zamaninsa dawakin sukuwa sai dai su sha ƙurarsa. Tsufa ya zo, ƙafar baya ta lalace, ya kasa yin barbara. Irin dokin nan Jatau tun daga kakansa ya gaje shi, kuma duk sanda ya shiga barga sai ya fito idonsa jawur, don ya san ranar da Akawal ya faɗi, iri ya ƙare. Goɗiya ɗaya ta rage mai wannan jini, tana hannun Inna Kande a ƙauyen gaba.

Likitoci suna da dabara: a ɗebi irin namiji a zuba wa mace da bututu. Sai dai bututun na roba ne, safar hannun ta leda. Ita kuwa Inna Kande, tun da saniyarta ta mutu aka tarar da tumbinta cike da leda, ta yi rantsuwa.

"Malam Jatau, mutuncinka daban. Dukushin farko ma na bar maka. Amma roba ba ta shiga garkena."

Jatau ya tara 'ya'yansa uku, ya ce duk wanda ya ceci irin nan, dukushin nasa ne.

Ladidi, wadda ta karanci haɗa sinadarai, ta kama dafa sitacin rogo da ƙaro. Wani ya tsage, wani ya narke kamar koko, 'yan'uwa suna tambayarta ko tuwo za ta sayar. Ba ta kula su ba, har ta fitar da bututu mai santsi da safa mai ƙwari, waɗanda in an binne sai su koma ƙasa.

Inna Kande ta ce ai roba ce aka sauya wa suna. Ana cikin haka Barau, auta, sarkin sakaci, ya bar ƙofa a buɗe, akuyarsa ta cinye rabin shanyar Ladidi. Gida ya kaure da salati, shi kuwa ya ja akuyar har garken Inna. Ya ba akuyar wani bututun ta ci a gaban tsohuwar, ya binne ɗaya a lambunta, ya tare a gidan yana mata shara. Akuya sai ƙiba take yi. Da aka kwana biyu aka tona ramin, ba bututu, tsutsar tana kawai aka gani.

"Ɗan nan ka yi galaba a kaina," in ji Inna. "Ku kawo."

Tanimu, babbansu, likitan dabbobi ne. Iri kaɗan Akawal ya bayar, ba na biyu, ga bututun rogo ba ya jure ɗumi da laima. Tanimu ya sanyaya irin a tulu, ya ɗauko a babur, ya dace da lokacin goɗiyar. Ta harbe shi a haƙarƙari, bai saki ba sai da ya gama.

Akawal bai ga damina ba. Amma da shekara ta kusa zagayowa, goɗiya ta haifi namiji baƙi wuluk. Jatau, mai dogara sanda, ya yar da sandar ya taka rawa, mata suna guɗa, yana kuka yana dariya. Da ya waiwayo, sai ya ga hannu uku a kan igiya ɗaya, kuma doki ba ya rabuwa uku.

To, jama'a, a hannun wa Baba Jatau zai bar igiyar nan?