Sallau Mai Haƙar Rijiya da Karan Sigari

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba. Sallau ake ce masa, haƙar rijiya ce sana'arsa. Su huɗu suke aiki a ƙarƙashin wani dattijo, Baba Nomau. Ku saurara da kyau.

Suna da wata al'ada. Duk wanda aka jawo daga rami, sai a kunna karan sigari ɗaya, ya fara zuƙa, ya miƙa wa wanda ya riƙe masa igiya, ya zagaya har ya ƙare. Ƙin miƙawa zagi ne, kamar ka ce wa mutum ban yarda da riƙonka ba. Sigari dai ba abin kirki ba ne, na faɗa na ƙara, amma ba maganarsa na kawo muku yau ba.

Sallau ya fara jin gajiya ba dalili. Ya je asibiti, aka ɗebi jininsa, aka ce ciwon hanta ne, irin wanda ake kira C.

Ya ce, "Likita, ana ɗauka ta sigari?"

Likita ya ce, "Jini yake bi. Cin abinci tare ba komai, gaisawa ba komai. Sigari ma da wuya ƙwarai, sai dai in da jini a baki. Reza da allura su ne abin tsoro. Kuma yana da magani."

Sallau ya shafa leɓensa. A fashe yake, kullum a fashe, don in yana saran ƙasa mai tauri cizonsa yake yi. Reza kuwa guda ɗaya ce a aljihun Baba Nomau, da ita kowa ke yanke farce, da ita suke kankare kantar hannu.

To, ya faɗa ko ya yi shiru? In ya faɗa, wa zai ƙara kiransa aiki? Ga 'ya'ya biyar a gida. In ya yi shiru, mutanen da ke riƙe masa igiya fa?

Kwana uku bawan Allah nan bai samu natsuwa ba. Ya zauna ya tashi, ya ɗauki diga ya ajiye. A jawo shi daga rami, ya ce yana tari, ba zai sha ba. A miƙo reza, ya ce farcensa bai fito ba.

Rana ta huɗu Barau, mai riƙe masa igiya, ya kunna kara ya cusa masa a baki da ƙarfi. Sallau ya zuƙa sau ɗaya, ya duba gindin karan, sai ga ɗigon jini. Barau kuwa ya miƙo hannu yana jira.

Sallau ya yar, ya take da ƙafa.

Barau ya ce, "Kai Sallau! Bakina ne ke wari, ko ka zama alhaji ba mu sani ba?"

Sallau ya ce, "Ba naka ba ne, nawa ne. Baba, ina da ciwon hanta. Ta jini ake ɗauka. Rezar nan kuma shekara bakwai muna yanka da ita tare. Ku je a auna ku."

Barau ya ja da baya yana goge hannu a riga. Daga ranar bai ƙara cin abinci kwano ɗaya da Sallau ba, ƙarshe ma ya koma wurin wasu mahaƙan. Ba zan yi muku ƙarya ba, abin ya yi wa Sallau zafi.

Baba Nomau kuwa ya dube shi ya ce, "Ɗan nan, da ka yi shiru wa zai sani?"

"Allah, Baba."

"To koma ramin. Ni zan riƙe maka."

Washegari dattijon ya tasa sauran a gaba zuwa asibiti. A jinin Baba Nomau kansa aka samu ciwon, bai riga ya cinye hantar ba. Tare suka riƙa karɓo magani da Sallau.

Jama'a, amana ba ta tsaya ga kayan ajiya ba. Lafiyar ɗan'uwanka ma amana ce a wuyanka. Kai mai aron reza a majalisa, ke mai tsaga da aska ɗaya, wanda ya san yana ɗauke da abu ya faɗa, ko za a guje shi. Ku kuma in an faɗa muku, kada ku gudu kamar Barau. Ku tashi ku je a auna ku. Allah Ya ba mu ƙarfin halin faɗin gaskiya.